Aikin Gayya da Wayar Wuta: Amanar da Ake Binnewa a Bango

Yau za mu yi magana ne a kan wutar lantarki a wuraren da jama'a suka gina da guminsu: ɗakin koyon ɗinki na matan unguwa, rumfar kafintoci da ƙungiyar matasa ta kafa, shagon walda ko na gyaran wayar hannu da aka buɗe don samari su samu abin yi. Idan kana cikin kwamitin irin wannan wuri, ko ɗanka ko 'yarka na zuwa koyon sana'a a can, to, matso kusa da akwatin rediyo.

Aikin gayya gado ne mai kyau. Da shi iyayenmu suka yi noma, suka yi yaɓe, suka haƙa rijiya, kuma har gobe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ya ba da fili, wani ya kawo bulo, wani kwanon rufi, iyayenmu mata su dafa abinci, cikin 'yan makonni sai ga gini ya tashi. Sai a zo kan maganar wuta, kuɗi kuma sun yi ƙasa. Nan ne za ka ji an ce, "Ai Wane ya iya haɗa wuta, shi ya gyara mana fanka." Wane ya zo da abokansa biyu, wannan ya ja waya nan, wancan ya ƙulla can, a ɗaure da salatif, a kunna. Ƙwan fitila ya kama, a yi kabbara, a watse.

'Yan uwa, kamawar ƙwan fitila ba ta nuna aiki ya yi kyau. Idan magini ya karkatar da bango, kowa zai gani ya yi magana. Kuskuren wayarin kuwa shiga yake cikin bango, a shafe shi da siminti, a yi masa fenti. Zai iya shekara biyu ko uku yana jira. Ranar da zai bayyana, waɗanda suka yi aikin ba sa nan. Wadda ke nan ita ce yarinyar da ta ɗora hannu a kan keken ɗinki ba takalmi a ƙafarta, ko yaron da aka aika ya kunna inji da jiƙaƙƙen hannu. Saboda haka saƙonmu na yau guda ɗaya ne: gini na kowa ne, amma wayarin dole a samu mutum ɗaya ƙwararre da zai ce, "Ni na yi, ni na gwada, a wuyana yake."

Bari mu fara da abin da wuta ke yi wa jikin ɗan Adam. Wutar da ke shigo mana gida a Najeriya ƙarfinta wajen volt 230 ne. Yawan wutar da ke gudu a cikin waya kuma ana auna shi da amfiya. Idan aka raba amfiya ɗaya gida 1,000, kashi 10 kacal sun isa su ƙanƙame tsokar hannu, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga kashi 30 zuwa sama, idan wutar ta bi ta ƙirji ta ɗan daɗe, tana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Don ku gane ƙanƙantar wannan, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan abin da ya ninka kashi 30 ɗin nan sau takwas. Abin da ke ɗan tsare mu shi ne busasshiyar fata da takalmin roba. Zufa, daɓen siminti mai laima da ƙafa ba takalmi suna buɗe wa wuta hanya. A wurin sana'a kuwa, musamman a watannin zafi, waɗannan ukun kullum suna tare.

To, me doka ta ce? Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa wayarin ɗin cikin gida ba ruwan hukuma da shi. Ba haka ba ne. A shekarar 2015 aka kafa hukumar NEMSA, wadda aikinta shi ne dubawa da gwada kayan wuta da haɗe-haɗenta, da kuma ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa. Dokar Lantarki ta 2023 ta bar mata wannan nauyi. A shekarar 2015 ɗin ne kuma hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta fitar da ƙa'idojin yadda za a ja wuta a kuma haɗa ta. Hukumar SON ita ke kula da ingancin kayan da ake sayarwa, har da waya da soket. Jawo wuta daga falwaya zuwa mita kuwa hurumin kamfanin rarraba wuta ne: KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna a Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara, na Jos da na Yola a nasu yankunan, NIGELEC kuma ga 'yan uwanmu na Nijar. Hawa falwaya a maƙala waya, ko zagaye mita, laifi ne a doka, ko da wurin na taimakon al'umma ne. Wurin da aka kafa don a koya wa yara neman halal bai dace a fara shi da wutar sata ba.

Kada a ɗauki waɗannan ƙa'idoji a matsayin takura. Kusan kowace ɗaya an rubuta ta ne bayan an yi asarar rai ko dukiya a wani wuri, don kada a maimaita.

Wani zai ce, "Malam, ke nan mu masu aikin sa kai mu naɗe hannu?" A'a. Aikin da za ku iya yana da yawa, kuma shi ne ke cin kuɗin ƙwadago. Ku ne za ku fasa bango inda aka zana muku, ku shimfiɗa bututun roba, ku kafa akwatunan soket, ku haƙa ramin sandar ƙasa, ku taya jan waya a cikin bututu tun babu wuta a ginin. Amma akwai ayyukan da na ƙwararre ne shi kaɗai: lissafin nauyin da wurin zai ɗauka, zaɓen kaurin waya da girman breka, haɗa allon rarraba wuta, ɗaure bakin kowace waya, haɗa janareta ko sola, da gwaji na ƙarshe. Kafin ku ba shi aikin, ku tambaye shi takardarsa, ta NEMSA da ta gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ku kuma je ku ga wurin da ya taɓa yi. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan ma a cikinku yake, kyauta zai yi, duk da haka a rubuta sunansa a littafin ƙungiya a matsayin mai alhakin aikin, kuma kada wani ya taɓa waya sai da izninsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar wayarin a wuraren sana'a na al'umma. Yanzu mu bi aikin daki-daki.

Abu na farko, tun kafin a aza tubali, a ɗaga kai a dubi sama. Filin da ke ƙarƙashin babban layin wuta yakan yi araha, wani lokaci ma kyauta ake bayarwa, amma ba wurin gini ba ne. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 11 ga layin 11kV da na 33kV, mita 30 ga na 132kV, mita 50 ga na 330kV, kuma ba a yarda a yi gini a cikin wannan fili ba. A daren 20 ga Afrilun 2017, a birnin Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo, mutane suka rasa rayukansu. Babban layi ba sai an taɓa shi ba. Dogon rodi ko tsanin ƙarfe da ya matso kusa da shi ya isa wuta ta tsallako.

Abu na biyu, a zauna da takarda da biro a rubuta duk abin da za a kunna a wurin, har da wanda ake fatan saye baɗi. Ga misali. Soket mai baki uku irin namu amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000. Idan ɗakin ɗinki na da dutsen guga uku, kowanne wat 1,500, an tashi wat 4,500, kusan amfiya 20. Idan aka cusa su duka a jikin waya ɗaya mai rassa da aka jawo daga soket guda, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Jaki idan aka yi masa lodin da ya wuce ƙima durƙusawa yake yi kowa ya gani ya rage masa. Waya ba ta durƙusawa, zafi take yi a ɓoye, robarta ta narke a hankali har ta kama yadi ko garin katakon da ke kusa. Shi ya sa ake raba layi: fitilu nasu daban, soket nasu daban, injin walda da kowane babban inji kowa da layinsa da brekarsa. A sa soket isassu a bango kusa da kowane teburin aiki, don kada wayoyi su riƙa jan ƙasa ana taka su.

Abu na uku shi ne ita kanta wayar. A al'ada fitilu na amfani da mai kaurin milimita 1.5, soket 2.5, manyan injuna kuma 4 ko 6 ko fiye, gwargwadon lissafin ƙwararre da nisan da wayar za ta yi. Amma kasuwa cike take da jabu. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali ba ta kai ba. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, idan ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki. Irin wannan ta fi saurin yin zafi, kuma bakinta na saki a wurin ɗauri. A sayi waya a wurin amintaccen dila, a duba sunan masana'anta da alamar SON, a karɓi rasit, ƙwararren kuma ya je da kansa. Idan kuɗi sun gaza, gara a yi wa ɗaki ɗaya wayarin mai kyau a jira, da a gama ginin duka da jabu. Araha ba ta ado.

A kiyaye launi kuma. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce abokiyarta, koriya ta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya abokiyarta, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Makunni kullum a kan mai wuta ake sa shi. Idan aka juya, fitila za ta mutu idan an kashe, amma wuta na nan a bakin ƙwan tana jiran mai canja shi. Duk inda waya ta haɗu da waya, a cikin akwati za a ɗaure ta da maɗauri mai kusa. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif shi ne mafarin gobara da yawa, domin sakakken haɗi tartsatsi yake yi.

Yanzu ga masu tsaro guda uku da kowane wurin sana'a ke buƙata, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Na farko breka ko fis. Aikinta ta yanke wuta idan lodi ya yi yawa ko wayoyi sun haɗu. Waya take tsarewa, domin brekar amfiya 20 ba za ta ko motsa ba a kan 'yar wutar da ke iya kashe mutum. Idan breka na yawan faɗuwa, faɗa maka take akwai matsala. Kada a cire ta a sa babba, kada a ɗaure fis da guntuwar waya mai kauri. Wanda ya yi haka ya mai da wayar cikin bango ita ce fis ɗin.

Na biyu wayar ƙasa, wadda masu sana'ar ke ce wa atin. Ita ke haɗa gangar jikin kowane inji da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ta yadda idan wuta ta ɓalle ta taɓa jikin injin za ta samu hanyar bi wadda ba jikin mutum ba. Sau da yawa za ka buɗe soket mai baki uku ka tarar waya biyu ce kawai a ciki, an bar ta ukun don a rage kuɗi. A wurin da ake aiki da ƙarfe, ko shagon da aka yi da kwantena, wannan ganganci ne. Mu a nan arewa muna da ƙarin matsala: ƙasarmu na bushewa ƙayau da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya gazawa a watan Maris. Don haka a zurfafa ta, a ƙara wata idan akwai buƙata, a kuma auna ta da na'ura a lokacin rani. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfen, ruwan sama kuma na wanke shi.

Na uku ita ce na'urar RCD, wadda a kasuwa wasu ke kira ELCB. Ita ce mai tsaron rai. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga giɓi, ta san wuta ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. A nemi wadda aka rubuta 30mA a jikinta, a sa ta a kan duk layukan soket. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi duk bayan wata uku zuwa shida lokacin da akwai wuta. Idan ba ta faɗi ba, a canja ta.

Sai maganar da ta fi shafar mu a ƙasar nan. "Ai an ɗauke wuta, yi sauri ka gyara." Wannan magana ta jawo asarar rayuka. Wanda ya ɗauke wuta bai yi maka alƙawarin lokacin da zai dawo da ita ba. Kafin a taɓa kowace waya, a kashe babban makunni, a zare fis mai aikin ya sa a aljihunsa, a kashe janareta da infata, sannan a gwada da abin gwaji wanda aka tabbatar yana aiki. Janareta kuma kada a taɓa haɗa shi ta hanyar cusa waya a soket. Dole a sa makunnin sauya layi, wanda ke raba wutar kamfani da ta janareta gaba ɗaya. Idan babu shi, wutar janaretanku na iya komawa kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya, ko kuma a dawo da wuta ta haɗu da taku. A ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi amma tana kisa, kuma kada a zuba masa mai yana aiki. Masu sola su sani farantin na ba da wuta muddin akwai rana, batir na buƙatar fis nasa, kuma mai ruwa a ciki yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji, saboda haka ɗakinsa na son iska.

Idan an gama haɗi, ba a kunnawa sai an gwada. Ƙwararre zai auna ko wayar ƙasa ta kai kowane soket, ya auna lafiyar robar wayoyi da na'urar da ake kira mega, ya tabbatar ba a juya mai wuta da abokiyarta ba, ya auna sandar ƙasa, ya gwada saurin faɗuwar RCD. Ya rubuta sakamakon ya sa hannu, a kuma nemi jami'an dubawa su zo su gani su ba da takarda. A rubuta a jikin kowace breka ɗakin da take kula da shi, da Hausa, yadda kowa zai karanta. A ajiye zanen inda wayoyi suka bi, don mai buga ƙusa a bango gobe ya san inda zai kauce wa. Allon wuta kuma kada a jingine masa katako ko a tara masa yadi a gaba.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu, kai ma za ta haɗa da kai. Ka ruga ka kashe babban makunni. Idan ya yi nisa, ka tsaya a busasshen wuri ka ture wayar ko mutumin da busasshen katako. Idan babban layi ne ya faɗo, kowa ya yi nesa a kira kamfanin wuta. Bayan an raba shi da wutar, a duba numfashinsa. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Kada a ɗura masa madara ko ruwa. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta na tsawon minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar da ta tashi daga waya kuma ba a watsa mata ruwa muddin wuta na jiki. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, a ajiye bokitin yashi, a koya wa kowane ɗalibi inda babban makunni yake tun ranar da ya fara zuwa.

Iyayenmu shugabannin ƙungiyoyi, masu unguwanni da limamai, ku ne ake gayyata buɗe irin waɗannan wurare, kuma maganarku ake ji. Kafin ku sa albarka, ku yi tambaya huɗu. Wa ya yi wayarin, kuma ina takardarsa? Akwai wayar ƙasa a kowane soket? Akwai RCD, an danna ta ta faɗi? Ina takardar gwaji? Idan amsa ɗaya ta gagara, a ɗage bikin da mako guda, ba abin kunya ba ne. Wuraren da aka riga aka buɗe kuma, a sa wannan magana a taron ƙungiya na gaba, a yi karo-karo a kira ƙwararre ya duba. Iyayen da suka kawo 'ya'yansu koyon sana'a ba su san kaurin waya ba, ba su san girman breka ba, ku suka yarda da ku. Tsare wannan yarda yana cikin aikin alherin da kuka fara, kuma ladansa ba ya ƙasa da na wanda ya ba da fili.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare mu daga gobara da haɗari, ya yi albarka a sana'o'in 'ya'yanmu.